Neman Dutsen Washi a Bayan Ƙonni

Tun da na dawo daga Nijar ban huta da tambaya ba. A mahauta a tambaye ni, a ƙofar masallaci a tambaye ni, har mai shayin bakin layinmu a Nasarawa ta Kaduna sai da ya riƙe buta ya ce ba zai zuba mini ba sai na ba shi labari. Abin da ya dame ni shi ne, duk wanda na gaya wa sai ya ƙara gishiri kafin ya kai wa na gaba. Shekaranjiya na ji wani yana cewa wai an tsare ni kwana uku a bakin iyaka saboda zinari. Ba a tsare ni ba, kuma babu zinari. Shi ya sa na sayi littafin rubutu na zauna in faɗi abin yadda ya faru. Karatuna bai wuce firamare ba, amma ba zan sa abin da ban gani ba.

Sunana Hudu, sana'ata washi. Ina zama a bakin rumfar mahautan unguwarmu ina wasa musu wuƙaƙe, teloli ma suna kawo almakashi. Dutsen da nake aiki da shi na mahaifina ne. Ya yi baƙi don tsufa, tsakiyarsa ta lotsa kamar akushi. Saura wata guda Babbar Sallah wani bijimi ya tsinke igiya ya bi ta kan bencina. Ni na tsira, dutsen ya rabu uku.

Na sayo na kanti, kwana huɗu ya zama kamar sabulun da ya kwana a ruwa. Na ɗauko irin wanda tifa ke kawo wa magina, wuƙa ta yi ta zamewa a kansa. Maƙwabcina Oga Emeka bakanike ya ce, "Malam Hudu, kai ka cika wahala. Kawo wuƙar nan, minti biyu ne a injina." Minti biyun kuwa aka yi, amma bakin wuƙar ya ƙone ya yi shuɗi, yanka uku ta dakushe.

Sarkin Fawa, Alhaji Ɗanlami, ya juya wuƙar a hannunsa ya ce, "Hudu, ba na son in tashe ka daga inda ubanka ya zauna. Amma layya ba wasa ba ce. In ya rage mako guda wuƙaƙenmu ba su dawo yadda muka san su ba, dole in nemo wani ya zauna a nan."

Rasa wurin zaman ya tsorata ni. Amma akwai abin da ya fi shi hana ni sukuni. In mutum ya ɗora wuƙar da ta fito daga hannuna a wuyan rago, ta ƙi ci, dabba ta yi ta wahala, alhakin a kan wa yake? Na tambayi limaminmu sau biyu. A na uku ya hango ni ya shige gida.

Na tuna mahaifina ya taɓa cewa dutsen daga wani ƙauye ya fito a bayan Ƙonni. Wani dillalin shanu ɗan Illela da ke kawo mana dabbobi ya ce ya san wurin, sunansa Gidan Jibo, in na je in nemi Baba Arzika mai fasa dutse. Ya ce kuma in sauka gidan ƙanensa a Illela.

Da na gaya wa Oga Emeka sai ya ajiye sifana ya dube ni. "Abeg, dutse ya ƙare a Najeriya ne? Ga shi nan har Rido, tsauni guda!"

Na ce ba irinsa ba ne. Ya ce, "To me ya bambanta su?" Ni kaina ban sani ba. Shekara ashirin ina aiki da dutse ɗaya, ban taɓa zaɓen dutse da kaina ba.

Matata Hajara ta soya mini gyaɗa da dambun nama. Ni kuma na yi hoton katin shaidata kwafi uku, ɗaya a aljihu, ɗaya a jaka, ɗaya a cikin hula. Na naɗe guntun tsohon dutsen a tsumma don in nuna samfuri. Hajara ta ce, "Malam, masu zuwa Makka ma ba su yi wannan shirin ba."

Na haye gada na nufi tashar Kawo da sassafe. Kafin in shiga motar Sakkwato na zagaya ta ina danna tayoyi da yatsa. Direban ya ce, "Malam, shiga za ka yi ko saye?" Fasinjoji suka yi dariya, amma da na nuna masa ta baya ta yi laushi sai da ya tsaya wurin mai faci. Daga nan wata Hajiya 'yar kasuwa da ke gaba ta sa mini suna Injiniya, har Sakkwato da shi ake kirana. Tsakanin Funtuwa da Gusau ban yi magana da kowa ba, carbi kawai nake ja, saboda labaran da muke ji na hanyar. Allah ya kiyaye, ba mu ga komai ba sai ramuka da masu tallar dafaffen ƙwai.

Na kwana a Illela a zauren ƙanen dillalin. Mutumin kirki ne, sai dai zauren da ni da buhunan albasa muka raba shi. Har na dawo Kaduna rigata tana warin albasa.

Da safe na hau babur zuwa iyaka. Ni a zatona katanga zan gani da babbar ƙofa. Sai ga igiya da 'yan rumfuna, mutane da jakuna suna ta kai da komo. Jami'in ɓangaren Nijar ya yi mini magana da Faransanci, na ce, "Na'am, ranka ya daɗe," ban san me na amsa ba. Sai ya juya Hausa, irin tasu mai daɗi. Na miƙa masa katina da kwafinsa duka uku. Ya ce, "Ku nawa ne?" Na ce ni kaɗai. Ya buɗe jakata ya warware tsumman nan a hankali, ya ga guntun dutse. Ya dube shi, ya dube ni.

"Kai kuma daga Kaduna ka ɗauko dutse ka kawo mana? Mu da ba mu da komai sai shi?"

A Ƙonni na sayi burodinsu, dogo kamar sanda, ɓawonsa da tauri. Na mayar wa mai shi na ce na jiya ne. Ya rantse yanzu aka fito da shi daga gidan burodi, haka nasu yake. Na ba shi haƙuri har sau uku, don na zarge shi da abin da bai yi ba. Daga nan na shiga a-kori-kura tare da awaki bakwai, aka sauke ni a wata mararraba, mai amalanken jaki ya ƙarasa da ni Gidan Jibo bayan azahar.

Baba Arzika tsoho ne siriri, hannuwansa kamar itace. Da can haƙar rijiya yake yi, da ƙarfi ya ragu ya koma fasa dutse. Zan rubuta yawancin maganarsa da Hausarmu, don in na ce zan bi tasu zan yi kuskure. Matarsa Inna Tumba ta kawo fura a babbar ƙwarya da ludayi ɗaya, ana sha ana miƙa wa na kusa. Na sha kaɗan ina jiran abincin rana. Ashe ita ce abincin ranar. Sannan aka ɗora shayi a 'yar ƙaramar buta, aka ba ni a kofin gilashi da bai fi babban yatsa ba. Ɗaci kamar maɗaci. Na daure na shanye, na yi godiya na miƙe na ce mu je wurin dutse.

Baba Arzika ya ce, "Zauna, ɗan Kaduna. Uku ne. Wanda ya sha na fari ya tashi, ya zagi mai gida."

Na koma na zauna da sauri. A wurinmu shayi a babban kofi ake sha da madara, a tsaye ma in ana sauri. A can sai da muka yi fiye da awa guda a kan abin da bai cika kofi ɗaya na Nasarawa ba. Amma na ukun akwai zaƙi.

Na nuna masa guntun nan. Ya kankare baƙin da wuƙa, sai ga cikinsa ja-ja mai ruwan ƙasa. Ya ce, "Namu ne. Dutsen yashi ne." Ban taɓa sanin launinsa ke nan ba.

Washegari da hantsi muka hau tudun da ke bayan gari. Inda suka daɗe suna fasawa ya zama kamar bango, kuma bangon hawa-hawa ne, shimfiɗa a kan shimfiɗa, kamar an jera tabarmi. Na sama baƙi-baƙi, na tsakiya ja, na ƙasa fari-fari mai rawaya. Dutsenmu na Kaduna ba haka yake ba, dunƙule yake, da ɗigo-ɗigon fari da baƙi masu ƙyalli.

Baba Arzika ya miƙo mini guduma ya ce, "Zaɓi."

Nan na yi kuskuren da har yanzu nake jin kunyarsa. Na taɓa yin leburan gini ina saurayi, kuma abin da magina suka koya mini shi ne dutse mai kyau shi ne mai tauri, wanda in ka buga ya yi ƙara kamar ƙararrawa. Ga shi kuma nawa ya fashe, zuciyata ba abin da take so sai wanda ko bijimi goma suka taka ba zai ji ba. Na yi ta bugawa har na sami wani a can sama, baƙi, mai nauyi, ya ce ƙal.

Ya ce, "Wanga?"

Na ce, "Shi."

"To ɗauko."

Na sauko da shi a kafaɗa, ina nishi, har gindin wata bishiya a ƙasan tudun. Ya zuba masa ruwa daga buta. Ruwan ya gangare, bai shiga ba. Ya ba ni wuƙarsa ya ce in wasa. Wuƙar ta yi ta kuka a kansa, ta sami zane-zane, kaifi kuwa babu.

Ya yi dariya har hularsa ta faɗi. "Wanga har jikanka ba zai cinye shi ba. Shi ma kuma ba zai ci wuƙa ba. Na harsashin gini ne."

Na ce, "Baba, ai da ka faɗa mini tun a sama."

Ya ce, "Da na faɗa, da ka manta kafin Sakkwato. Yanzu kafaɗarka za ta riƙa tuna maka."

Sannan ya yi mini bayani. Dutsen yashi, yashi ne da ya manne da juna. Ƙwayoyin yashin nan su ke cin ƙarfe. In ana washi, na sama suna dakushewa, dole su zube, sababbi masu kaifi su fito daga ƙasa. Dutsen da ya riƙe ƙwayoyinsa gam, fuskarsa sai ta yi santsi ta daina aiki. Ya ce, "Kai kana neman wanda ba ya ƙarewa. Wanda ba ya ƙarewa ba ya washi."

Na koma sama da niyyar gyara kuskurena, sai na zarce. Na ɗauko na can ƙasa, fari, wanda ina murza shi da yatsa yashi ke zuba. Kafin nan Inna Tumba ta iso da furarmu. Ta karɓa ta jefa gutsurensa a kwanon ruwa. Kafin mu gama sha gefensa ya fara narkewa kamar ƙullin ƙasa. Ta ce, "Wanga ko kaushin ƙafata ba zai goge ba, ɗan nan." Ta ɗauko wani farin daban, ta kankare shi, ta matsa masa lemun tsami. Sai na ga garin da ta kankare yana 'yar kumfa. Ta ce wannan farar ƙasa ce ta riƙe shi, ruwa mai tsami yana cin sa a hankali.

Na zauna a ƙasa. Na lissafa kwanakin da suka rage kafin wa'adin Sarkin Fawa, na ga sun yi kaɗan. Na ce, "Baba, ni dai ka zaɓa mini kawai."

Ya ce, "In na mutu kuma wani bijimin ya zo fa? Tashi."

Ya kai ni shimfiɗar tsakiya ya koya mini abu huɗu. Na farko, ka murza da babban yatsa: ka ji shi kamar harshen kyanwa, ƙwayoyin ƙanana kuma kai ɗaya, ba tsakuwa a ciki, in ka matsa sosai 'yan kaɗan su biyo yatsanka. Na biyu, ka zuba ruwa: ya sha a hankali, wurin ya yi duhu. Na uku, ka duba ta gefe ka ga layukan sun miƙe, ba jijiyar wani abu da ta ratsa su. Na huɗu, ka ɗora shi a kan yatsu ka ƙwanƙwasa: in ya ce ɓus, akwai tsaga a ɓoye a ciki. Na ce ya dakata, na fito da biro na rubuta a bayan kwafin katina na cikin hula.

Muna cikin dubawa ya juya wani faffaɗan dutse, sai na ga fuskarsa da kunya-kunya ƙanana a jere, kamar na gona. Na ce, "Wa ya sassaƙa wannan?"

"A ina ka taɓa ganin irinsa?"

Na yi tunani. Na ce a bakin Kogin Kaduna da rani, in ruwa ya janye, haka yashin yake zama.

Ya ce to shi ne. Masu haƙa rijiyar burtsatse da ya taɓa yi wa aiki sun gaya masa cewa a zamanin da ba a iya ƙirgawa, ruwa ne ya rufe wurin nan. Koguna suna kawo yashi suna zubawa, wani a kan wani. Nauyin na sama ya danne na ƙasa, ruwan da ke ratsawa ya bar abin da ya manne ƙwayoyin, wani wuri laka, wani wuri farar ƙasa, wani wuri tsatsar ƙarfe. Tsatsar ce ke ba shi ja, inda ta yi yawa kuma ya yi baƙi ya yi tauri, kamar wanda na sauko da shi.

Na ce, "Baba, ya halatta mutum ya yarda da wannan magana kuwa?"

Ya ce, "Wa ya yi ruwan? Wa ya yi yashin?"

Na ce Allah.

"To me ya rage?"

Ya ƙara da cewa shi bai buƙaci masu burtsatse su gaya masa dutsen yana da ƙofofi ba. Lokacin da yake haƙar rijiya, in ya kai kan irin wannan shimfiɗa yakan aika gida a fara murna, don a cikin 'yan ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin ruwa yake kwanciya. Da shi suke ɗaure bakin rijiya, mai taurin su yi harsashin ɗaki, mai manyan ƙwayoyi da ya riƙe kansa a yi dutsen niƙa. In aka yi kuskure aka yi niƙa da mai laushi, ranar kowa zai ci tuwo da yashi.

A karo na uku na zaɓa da kaina. Na murza, na zuba ruwa, na duba gefe, na ƙwanƙwasa. Na sake yi daga farko. Da zan yi na uku Inna Tumba ta ce, "Ɗan nan, auren dutsen za ka yi?" Baba Arzika ya ɗauko ƙarafansa masu baki kamar na gatari, ya jera su a kan layi ɗaya, yana bi yana bugun kowanne kaɗan-kaɗan. Can sai dutsen ya buɗe kamar littafi. Muka daidaita fuskarsa da goga shi a kan wani, da ruwa.

Na ɗauka da yamma zan kama hanya. Ya ce a'a, sabon fashi da danshi yake fitowa, yana da taushi, sai ya sha iska a inuwa kwana biyu kafin ya jure mota. Kwana biyun nan na yi su ina zagaya dutsen ina taɓawa, ina lissafin kwanaki da yatsu. Da zan tafi ya ce in riƙa kwantar da shi yadda Allah ya kwantar da shi a tudu, kada in tsayar da shi a kan gefensa, don ta layukan nan yake ɓarewa. Ruwa kawai zan sa masa, ban da mai. Inna Tumba ta cusa shi a buhu da ƙaiƙayin gero, ta ba ni cuku, da wani ɗan guntu ta ce in kai wa matata na goge ƙafa.

A kan cinyata na riƙe shi a mota har iyaka. A ɓangarenmu ba wanda ya kula ni, jami'in ya ɗaga hannu mu wuce. Amma zuciyata ta ƙi. Na ce direba ya tsaya, na sauka na ce, "Ranka ya daɗe, ina da kaya ban nuna ba."

Direba ya dafe kai. Jami'in ya buɗe buhu ya ga jan dutse a cikin ƙaiƙayi, an lallaɓa shi kamar ƙwai. Ya kira abokin aikinsa. Suka ce mene ne a cikinsa da ake masa wannan gata? Na ce yashi. Suka dubi juna. Ɗayan ya zaro wata wuƙa da suke yanka lemu da ita ya ce, "In na washi ne, mu gani."

Na zuba ruwa. Na ja wuƙar sau ɗaya, sai na ji wannan sautin da na yi kusan mako uku ban ji ba, shuu, shuu. Ruwan ya yi kauri ya zama kamar kunu. Na miƙa masa, ya gwada a gashin hannunsa, ya aske tas. Kafin in rufe buhu mai tuwon gefen hanya ta kawo wuƙaƙe biyu, mai tsire ya kawo uku. Fasinjoji suna ta yi mini tsiya, direba yana danna oda. Minti arba'in muka yi. Wannan shi ne kwana ukun da ake cewa an tsare ni.

Na iso Kaduna saura kwana tara Sallah. Sarkin Fawa ya karɓi wuƙar farko ya duba bakinta a rana, ya gwada a farce. Bai yabe ni ba, ya ce kawai a kwaso sauran. Kwana takwas ina washi daga safe har la'asar, har da na mutanen unguwa.

Ranar Sallah bayan an sauko idi na bi Sarkin Fawa gidansa, don ragonsa ake fara yankawa kuma da wuƙar da na wasa. Ya ce in je in huta, na ce sai na gani. Aka kwantar da ragon aka fuskantar da shi alƙibla. Da na ji ya yi bisimilla sai na kasa kallo, na runtse ido ina addu'a Allah ya sa kada dabbar nan ta wahala ta dalilina. Ina nan tsaye ina jiran in ji an ce a sake ja, ko a kawo wata wuƙa.

Sai na ji an dafa kafaɗata, ashe Sarkin Fawa ne.

"Hudu, buɗe idonka mana. An gama tun ɗazu. Zo ka kama mana ƙafa."